Man Tausasa Gashi: Abubuwan Da Ke Cikinsa Da Aikin Kowanne

Jawabi ga jama'ar unguwannin Hausawa na Trans-Amadi a Fatakwal, da na Anacha da Inugu, da sauran 'yan ƙasa baki ɗaya



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a yi bayani a kan man nan da ake shafa wa gashi bayan an wanke shi, wanda masu shagunan gyaran gashi ke kira kwandishina, mu kuwa za mu kira shi man tausasa gashi. Yau da wuya mutum ya shiga kanti a Trans-Amadi, ko Babbar Kasuwar Anacha, ko kasuwar Ogbete ta Inugu, bai tarar da shi jere iri iri ba. Daga irin waɗannan kasuwanni ne kuma fatakenmu ke ɗaukarsa zuwa Arewa. Ana kashe kuɗi masu yawa a kansa, amma kaɗan ne cikin masu saye da sayarwa suka san abin da ke cikin kwalbar. Rashin sani kuwa, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Yadda gashi yake

Kowane silin gashi yana da saiwa a cikin fatar kai, kuma a nan ne ransa yake. Abin da ya fito waje ba shi da rai, kamar dai farcen da ake yankewa. Gashi yakan ƙaru da kimanin santimita 1 a wata. Bayan kowane sili yana lulluɓe da 'yan ɓawo ƙanana, wani bisa wani, kamar yadda ake jera ciyawa a jinka. Idan ɓawon ya kwanta, gashi ya yi sheƙi, mataji ya wuce ba wahala. Sabulu mai ƙarfi, da kanwa, da man miƙar da gashi, da zafin injin busarwa su ne ke ta da ɓawon, sai gashi ya yi kaushi, ya sarƙe, ya riƙa karyewa.

Gashinmu na baƙar fata nannaɗe yake. Saboda haka maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya gangarawa har bakin sili, kuma kowace lanƙwasa wuri ne da sili ke iya tsinkewa. Aikin man tausasa gashi shi ne ya kwantar da ɓawon, ya sa santsi, ya rage tsinkewa. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya isa saiwa, don haka ba ya tsirar da sabon gashi, ba ya kuma maganin sanƙo. Idan mace ta ga gashinta ya ƙara tsawo, dalili shi ne abin da ke tsirowa ya daina karyewa.

Abubuwan da ake haɗawa

A jikin kwalba akan jera sunayen kayan haɗi, a fara da wanda ya fi yawa, a gangaro zuwa wanda bai kai ya kawo ba. Idan an zana kwallon kaɗanya babba a gaban kwalba, amma sunan man kaɗanya yana can ƙarshen jeri, to, ɗigo kawai aka sa.

Na farko shi ne ruwa, wanda akan rubuta Aqua. Shi ya fi komai yawa.

Na biyu su ne sinadaran da ke manne wa gashi, waɗanda sunansu kan ƙare da "trimonium". Gashin da ya lalace yana jawo su kamar yadda maganaɗisu ke jan ƙusa, har ya zamana inda lalacewar ta fi yawa nan suka fi zama. Ɗauraya ba ta tafiya da su duka. Su ne ke hana gashi tashi tsaye da sarƙewa.

Na uku wani kitse ne fari mai kama da kakin zuma, wanda akan samo daga man kwakwa ko man alayyadi. Shi ke ba man kauri da laushi. A jikin kwalba sunansa Cetyl Alcohol ko Cetearyl Alcohol, kuma wannan suna ya sa jama'a da yawa shakka. To, a sani wannan ba barasa ba ce. Daskararren abu ne, ba ya sa maye. Masana haɗa sinadarai ne suka ba wani babban dangi wannan suna, barasa kuwa ɗaya ce kurum daga cikin dangin.

Na huɗu shi ne silikon, wanda sunayensa kan ƙare da "cone". Yana yi wa sili lulluɓi marar kauri, ya ba shi sheƙi, ya kare shi daga zafi. Illarsa ita ce wasu irinsa ba sa narkewa cikin ruwa. Idan ana ta shafawa ba a wankewa da shamfu sosai, sai ya taru, gashi ya yi nauyi ya dushe.

Na biyar shi ne gilisarin da danginsa, masu jawo danshi su riƙe shi a jikin gashi.

Na shida su ne mayukan da muka sani tun kaka da kakanni: man kaɗanya, man kwakwa, man alayyadi, man zaitun. Yawancinsu a bayan sili suke zama, su tsare danshi kada ya tsere. Wani bincike da aka buga a 2003, na masana daga ƙasar Indiya, ya nuna man kwakwa yana ratsa cikin sili, yana rage zubewar furotin ɗin gashi lokacin wanki. Akwai kuma basilin da farin man injiniyoyi da ake tacewa daga ɗanyen man fetur. Su ma suna tsare danshi, amma suna da nauyi, suna kuma kama ƙura.

Na bakwai shi ne furotin da aka farfasa ƙanana, daga alkama ko waken suya ko gashin tumaki. Yana cike gurbin da ɓawo ya ɓantare na ɗan lokaci, sa'an nan ya fita da wanki. Idan ya yi yawa, gashi kan yi tauri.

Na takwas ɗan tsami ne irin na lemon tsami. Masana suna da ma'auni daga 0 zuwa 14. Abin da ke ƙasa da 7 mai tsami ne, abin da ke sama da 7 kuma dangin kanwa ne. Fatar kai tana wajen 5, kuma a nan ɓawon gashi ke son kwanciya. Ɗan tsamin nan shi ke mai da gashi wurinsa bayan sabulu ya ta da shi.

Na tara su ne magungunan hana ruɓewa, da turare, da launi. Duk abin da ke da ruwa yana iya yin funfuna, don haka tilas ne a sa maganin. Amma cikin wannan rukuni ne ake samun yawancin abubuwan da ke jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje. Alal misali, tun 2017 Tarayyar Turai ta hana sa wani daga cikinsu, mai suna Methylisothiazolinone, a cikin kayan shafe shafen da ake bari a jiki ba a wankewa.

Kada mu raina na gida. Yauƙin karkashi da iyayenmu ke wanke kai da shi yana ba da santsin da ke warware gashi. Man kaɗanyar da ake yi a jihohin Neja, Kwara da Kebbi shi ne kamfanonin ƙasashen waje ke nema. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen kwallon kaɗanya, domin a riƙa sarrafa shi a cikin ƙasa.

Kowane gari da nasa yanayi

Ruwan da ke sauka a Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, na Sakkwato kuwa bai kai rabin haka ba. Mai zaune a Fatakwal ko Anacha, inda iska ke da laima, mai marar nauyi ya ishe ta. Idan ta laɓta basilin, gumi da ƙura za su cakuɗa a kanta. Mazauna Fatakwal sun ga yadda baƙar ƙunƙunniyar da ta addabi garin daga 2016 ta riƙa maƙalewa a duk abin da ke da maiƙo. Amma wadda ta je gida Katsina ko Kano lokacin hunturu, gilisarin shi kaɗai ba zai wadatar da ita ba, gama babu danshi a iska da zai jawo. Sai ta jiƙa gashin, kana ta bi shi da man kaɗanya ya rufe.

Inda haɗari yake

Lalle ne a bambance man tausasa gashi da man miƙar da gashi, watau rilaksa. Rilaksa yana ɗauke da soda irin ta haɗa sabulu, ko wani abu mai ƙarfi kamarta, ma'auninsa kan kai 12 ko fiye. Yana ƙona fatar kai idan ya daɗe. A 2022 Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka sun ba da sakamakon bin diddigin mata fiye da 33,000. Sun ga waɗanda ke amfani da kayan miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara sun ninka waɗanda ba sa amfani da su wajen kamuwa da sankarar mahaifa. Wannan ya isa dalilin rage amfani da shi, da kuma nisanta shi daga kan yara ƙanana.

Haɗari na biyu shi ne man da ake aunawa a gwangwani ko leda, ba suna, ba ranar lalacewa. Wanda aka tsarma da ruwa don riba, ƙarfin maganin hana ruɓewarsa ya ragu, ya zama gidan ƙwayoyin cuta. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce doka ta ɗora wa yin rajistar kayan shafe shafe a Nijeriya.

Abin da ake roƙon jama'a

Mai saye ya duba lambar NAFDAC, da sunan kamfani da adireshinsa, da ranar lalacewa. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa ɗansa ya karanta masa. Sabon mai a fara gwada shi a bayan kunne, a jira kwana 2. A shafa shi a tsawon gashi, musamman bakinsa, a bar shi 'yan mintoci, a taje da mataji mai faɗin haƙora, kana a ɗauraye sosai.

Masu kitso kuma su sassauta hannu. Kitso mai ɗaure kai tamau yana cinye gashin gaban goshi, kuma idan saiwa ta mutu babu man da zai dawo da ita. Makero, da ƙuraje masu ruwa, da zubar gashi farat ɗaya aikin likita ne, a kai asibiti da wuri.

Ku kuma 'yan kasuwarmu na Fatakwal, Anacha da Inugu, amana ce a hannunku. Kwalbar da kuka ɗora a mota yau, gobe tana kan 'yar wani a Zariya ko Gusau. Ku nemi rasit daga dillalai, ku ƙi kayan da ba su da lamba, wanda kuka yi shakkarsa ku kai rahoto ofishin NAFDAC na jiharku.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.