Kafin Ka Sayar da Shanu Ka Sayi Mota: Jawabin Magatakardan Ƙungiya a Taron Dakoro



An ce in yi magana a kan sayen motar hannu, don shekarun nan mutanenmu da dama sun sayar da dabbobi sun sayi mota domin iyali. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya taɓa ɗaukar mace mai naƙuda a kan amalanke daga Bermo cikin dare, ya san abin da mota ke nufi. Abin da ya dame ni shi ne, mutumin da ba a iya cutarsa a cinikin sa, shi ne ake cuta a cinikin mota cikin awa guda.

Ni ma an yi mini. Bijimai huɗu da karsana biyu na sayar, na je Maradi wani dillali ya nuna mini mota tana walƙiya. Da na isa na tarar inji na aiki, na ce madalla. Ashe tun da asuba aka tayar da ita don kada in ga halinta. Wata uku ta yi mini. Har yau tana bayan gida, kaji na ƙwai a ciki.

Saboda haka ka je da sassafe, ka ɗora hannunka a kan inji ka ji yana da sanyi, sannan a tayar a gabanka. Ka koma baya ka tsaya wajen salansa. In hayaƙi ya fito shuɗi-shuɗi, inji na cin baƙin mai, ya gaji ke nan. Baƙin hayaƙi ya fi sauƙi, sau da yawa mai ne ke shiga fiye da kima. Amma farin hayaƙi mai kauri da bai daina ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba, wannan gyara ne mai cin maraƙi. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa. In ka ga abu fari-fari kamar kindirmo ya manne, ka yi sallama ka tafi. Ruwan lagireto kuma a duba shi tun da sanyi, kada a buɗe murfin da zafi, yana ƙona fuska.

Ku ne kuke buɗe bakin saniya ku ƙirga haƙora, ba ku jin ta bakin mai ita. To agogon kilomita bakin mai ita ne, ana juya shi baya. Haƙoran mota suna wajen robar birki da ta kuloci, da sitiyari, da kujerar direba. In agogo ya ce tafiyar kaɗan ce, amma robar birki ta cinye har ƙarfe ya fito, kujera ta lotsa, ka san wanda ya yi ƙarya. Taya ma tana da ranar haihuwa. Tun shekarar 2000 ana buga lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1519, an yi ta a mako na 15 na 2019. Ko zanenta na nan, tsohuwar taya ba ta jure zafin kwalta a watan Afrilu.

Yawancin motocin da ake ce wa ƴan Kwatano daga Turai da Amurka suka fito. Can ana zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, gishirin nan yana cin ƙarfe daga ƙasa. Kada ka ji kunyar rigarka, ka shimfiɗa buhu ka kwanta da tocila ka duba. Inda ka ga tsatsa ka danna da makulli. In ya burma, ƙashin bayan ya ruɓe. Ka riƙe ɗan maganaɗisu kana bin ƙofofi da shi. Inda ya ƙi kamawa, galibi an cike lotsawar haɗari ne aka shafe da fenti.

Wani abin da ƴan birni ba za su gaya maka ba: motar da ta yi kyau a Yamai ba lallai ta kai ka ruga ba. Hanyarmu rairayi ne da kwazazzabo da kututture. Ka dubi tsayin cikinta daga ƙasa. Ka tambayi kanka, in ta mutu a Gadabeji wa zai gyara ta? Abin da ya sa iyayenmu suka riƙe Peugeot 504, mu kuma muka koma wa Toyota, ba don sun fi kyau a ido ba ne, don ko wane gareji ya san cikinsu, kayan gyaransu kuma na kasuwa. Sababbin nan masu na'ura da yawa, sai an jona musu kwamfuta kafin a gane ciwonsu. Mai giya da kanta kuwa, in batir ya mutu, ko mutum goma suka tura ba ta tashi.

Kada ka sallama sai ka hau ta. Ba zagayen tasha ba, a fita gari, a shiga rairayi, a hau tudu da mutane cike, a taka birki da ƙarfi a ga ko tana ja gefe guda. Idonka na kan allurar zafi. A kashe rediyo, kunnenka ya yi aiki. Mai motar da ya ce babu mai, ka saya masa lita biyar. In ya sake kawo wani dalili, akwai abin da yake ɓoyewa. Kuma ka zo da bakanikenka daga gida, ka biya shi kuɗin yininsa. Wanda dillali ya kawo maka, da shi za a raba la'ada.

Saura takardu, nan ne mutanenmu suka fi faɗawa don yawancinmu karatun bai yi nisa ba. Ko wace mota tana da lambar shasi, galibi haruffa da lambobi 17, a buge a jikin ƙarfe. Ka sa yaro ɗan lakwal ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya gwada da na cikin kart giriz. Ko ɗaya ta saɓa, ka bar ta, don jandarma zai karɓe ta a hanya, kai kuma ka shiga bayanin da ba ka da shi. Ka nemi takardar duwan, ka tabbata sunan da ke takarda na wanda ke sayarwa ne, ko yana da izinin mai ita a rubuce. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a kai a buga mata hatimin hukuma kafin kuɗi su bar aljihunka.

Kuma in ka ƙirga kuɗin mota, ka ware na bijimi guda a gefe domin taya da batir da inshora da gyaran farko, don babu motar hannu da ba ta neman su a watan farko. In sai ka taɓa shanun haihuwa kafin kuɗin su cika, ni dai shawarata ka dakata zuwa kaka.

Duk mai niyyar saye bana, ya same ni bayan sallar la'asar, mu haɗa shi da waɗanda suka riga shi saye su raka shi.