Ko An Rufe Iyaka, Ba Mu Yanke Ƙauna Ba

Jawabin da aka gabatar a madadin shugabannin ƙungiya, a taron zagayowar ranar kafa ta

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa da ya nuna mana wannan rana da rai da lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, masu masauki, dillalai, 'yan canji, direbobi da yaran mota, 'yan'uwanmu da suka yi sammako daga Maraɗi da Ƙonni da Damagaram da Gaya, da na Kano da Katsina da Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba, sannunku da hanya. Mun san yawan shingen da kowa ya tsallake kafin ya iso nan, mun kuma san abin da ake bari a kowane shinge, don haka ba za mu tsawaita gaisuwa ba.

Al'adar irin wannan taro ita ce a lissafa nasarori a tafa. Amma da muka zauna shirya jawabin bana, sai magatakarda ya buɗe mana rajistar 'yan ƙungiya, muka bi suna bayan suna. Akwai waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su. Akwai waɗanda jari ya karye suka koma gona ko acaɓa. Sannan akwai kashi na uku, mutanen da ke raye, suna kasuwa, amma sun daina gaisawa da juna. Wannan kashi na uku ya fi tsaya mana a rai, kuma saboda su ne muka ajiye lissafin nasarori zuwa baɗi.

Kowa a nan ya san abin da muka gani, amma bari mu jera shi don yaran da suka shigo sana'ar daga baya. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Ana cikin haka annobar korona ta zo a 2020. Sai a Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, Jibiya da Kamba kuwa suka jira har Afrilun 2022. Ba mu gama miƙewa ba aka sauya fasalin naira, farkon 2023 ya same mu da kuɗi a banki amma babu takardar da za a miƙa wa mai shanu a kara. A ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin dakon kaya ya tashi. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai, bayan kwana huɗu ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi. Aka sake garƙame iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, har aka fara maganar yaƙi. Motocinmu suka yi layi a bakin boda, albasa ta ruɓe a cikin buhu, direbobi suka cinye guzurinsu suka koma cin bashi wajen masu abinci. Ba a buɗe ba sai a Maris ɗin 2024. Kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewa daga ƙungiyar, ficewar da ta tabbata a ƙarshen Janairun 2025. Canji kuma ya kife: sefa 1,000, jaka guda a bakin mutanen Maraɗi, wadda a 2014 ba ta kai naira 500 ba, ta haura naira 2,000 a 2024. Ga 'yan bindiga a kan hanya, waɗanda ba su tambayar fasfo kafin su ɗauki mutum.

Asarar dukiya ba baƙuwa ba ce a wurin falke. Wanda bai taɓa kwana da kaya a daji ba bai fara fatauci ba tukuna. Abin da ya zo mana sabo shi ne wata irin magana da ta shigo bakinmu. Muka fara jin "ku 'yan Najeriya ne kuka kashe mana wuta", muka fara jin "ku 'yan Nijar ne kuka jawo mana". Mutumin da ya shekara ashirin yana sauka a zauren abokinsa, matarsa ta san irin tuwon da yake so, ya wayi gari yana tura masa saƙon murya na zagi a waya saboda hukuncin da aka yanke a Abuja ko a Yamai, inda ba a gayyaci ko ɗayansu ba. Wani na ganin sojoji sun ƙwato wa ƙasarsa mutunci, wani na ganin sun tauye ta. Kowa da ra'ayinsa, kuma ƙungiyar nan ba ta zo raba gardamar siyasa ba. Abin da muke tambaya kawai shi ne, yaushe ra'ayi ya zama dalilin hana mutum kuɗinsa?

Don gaskiyar magana ke nan, iyayenmu. An ci amana a wannan tsakani. Akwai wanda aka bar wa kaya ya sayar ya ce sun lalace. Akwai wanda ake bin sa sefa, ya lissafa da tsohon canji ya ce iyakar abin da zai biya ke nan. Da muka zauna da wasu daga cikinsu, ba mu tarar da ɓarayi ba. Mun tarar da mutanen da suka yanke ƙauna. Ɗaya ya ce mana, shi a lokacin ya ɗauka iyakar nan ba za ta sake buɗuwa ba, ba zai sake ganin mai kayan ba, ga yara na kuka, sai ya ci. Haka yanke ƙauna ke aiki a zuciyar ɗan kasuwa. Yana fara raɗa masa cewa gobe babu, daga nan sai amana ta zama abin banza, domin amana don gobe ake riƙe ta, goben duniya da goben ƙiyama.

Shi ya sa muke so mu tuna wa kanmu labarin da duk muka sani tun muna makarantar allo, kuma 'yan'uwanmu Kirista da ke cikin ƙungiyar nan su ma suna da shi a littafinsu: labarin Annabi Yusuf da mahaifinsa Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare su. Mu 'yan kasuwa ya kamata mu fi kowa fahimtar sa, domin rabinsa labarin fataucin hatsi ne tsakanin ƙasa da ƙasa. Fari ya yi tsanani, 'ya'yan Yaƙub suka ɗaure raƙuma suka nufi Masar awo. Gidan da suka fito kuwa a rabe yake, 'yan'uwa sun jefa ɗan'uwansu a rijiya, uba ya yi baƙin ciki har ganinsa ya tafi. Duk abin da ke damun mu yau yana cikin gidan nan: yunwa, doguwar hanya, hukumar wata ƙasa, da gaba tsakanin jini ɗaya.

Ku dubi yadda tsohon ya yi. Da zai sake tura su, ya umarce su kada su shiga garin ta ƙofa ɗaya, su rarrabu, sannan ya shaida musu cewa wannan dabara tasa ba za ta tare abin da Allah ya hukunta ba. Ya yi dabara, ya kuma san iyakar dabara. Wannan shi ne tawakkalin da muke nufi, kuma falke na gari ya san shi a aikace: ba ya zuba jarinsa duka a mota ɗaya, ba ya dogara da hanya ɗaya, amma idan ya gama ɗaure kaya ya san wanda ke kai su. Da aka riƙe ɗansa na biyu a Masar, baƙin ciki ya ninku, bai zauna ya naɗe hannu ba. Ya sake tura su neman wanda kowa ya daɗe da fidda rai da shi, ya gargaɗe su da kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Suka koma da ɗan jarin da bai taka kara ya karya ba, suna roƙon a cika musu mudu. A wannan tafiya ta uku, wadda suka yi da mafi ƙarancin jari, aka buɗe musu komai.

Wurin da muka fi so ku riƙe shi ne abin da Yusuf ya yi da 'yan'uwan nan. Hatsi na hannunsa, mulki na hannunsa, waɗanda suka cuce shi suna tsaye gabansa ba su gane shi ba. Tun a zuwan farko ya sa aka mayar musu da jarinsu cikin kayansu, don su sami abin dawowa da shi. A ƙarshe ya yafe musu. Mutumin da ya tsaya da Allah a rijiya da kurkuku bai ga wata riba a ramuwa ba.

Mun ga irin wannan a cikinmu, kuma dole mu faɗa, kada a ce sharri kaɗai muka iya kirgawa. Wani ɗan'uwanmu daga Kano ya sauke kaya a Maraɗi kwanaki kaɗan kafin a rufe iyaka a 2023, ya koma gida da niyyar dawowa mako mai zuwa. Mai masaukinsa ya sayar da kayan, ya ƙulle kuɗin a sefa, wata bakwai bai taɓa su ba, alhali gidansa na cikin duhu kuma shinkafa ta yi tsada. Da aka buɗe hanya, naira ta riga ta faɗi. Da ya so, sai ya biya shi a naira da lissafin ranar da aka sauke kaya, ya riƙe rarar, kuma ba mai kai shi ƙara. Ya miƙa masa sefarsa cif, ya cire la'adarsa kawai. Da aka yi masa magana sai ya ce shi bai taɓa shakkar za su sake haɗuwa ba, in ba a Maraɗi ba to a gaban Allah. Yana zaune a cikin zauren nan, ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa, mun kuwa cika masa.

Dattawanmu za su shaida cewa ba yau aka fara ba. An rufe iyakar nan a 1984, ba a buɗe ba sai 1986, ga fari a lokacin. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, masu kuɗi suka kwana attajirai suka tashi da rabin dukiya. Waɗanda suka ga wannan ga su nan a sahun gaba, sun aurar da 'ya'ya, sun sauke farali, duk daga wannan sana'a. Iyakar kanta ƙanwar zumuncinmu ce. Kafin Ingila da Faransa su ja layinsu, sarakunan Katsina na da sun riga sun kafa Maraɗi, Gobirawa na Tibiri da Sabon Birni, kakanninmu na kai kanwa da tufafi har Gwanja su dawo da goro. Har yau akwai garuruwa irin Dole Kaina da layin ya ratsa ta tsakiyarsu.

Kada kuma mu manta da abin da Allah ya kawar mana. A Agustan 2023 mun kwanta muna jiran ƙarar bindiga tsakanin ƙasashen nan biyu. Da an yi, a kan gonakinmu da kasuwanninmu za a yi. Sarakuna da malamai suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai, majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi, aka yi ta alƙunutu a masallatai da addu'o'i a majami'u ta kowane ɓangare, wutar ta mutu ba ta kama ba. Wanda ya ga wannan da idonsa bai kamata a ji yana cewa Allah ya manta da mu ba.

Ba mu zo mu yi muku alkawarin cewa komai ya wuce ba. Hanya har yanzu ba ta da tabbas, takardu na ƙaruwa, kuma ba mu san abin da shugabanni za su wayi gari da shi ba. Ana aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, muna fatan ganin ranar da wake da albasarmu za su hau shi, amma mun girme wa ɗora zuciya a kan alkawarin hukuma. Abin da ke hannunmu shi za mu yi.

Don haka shugabanni suka yanke abu uku. Na farko, duk wanda ke bin ɗan ƙungiya bashi daga lokacin rufe iyaka, ko ake bin sa, ya kawo maganar gaban dattawa. Za a zauna da mutum biyu daga kowane ɓangare da ɗan canji ɗaya, a duba kuɗin da aka ƙulla cinikin da shi, sefa ko naira, a tsayar da adadi, wanda ba shi da hali a raba masa biya. Wanda Allah ya hore wa kuma ya ga zai iya yafe wani abu, ga Yusuf nan ya yi koyi da shi. Na biyu, daga yau duk kayan da za a bar wa mai masauki a rubuta, a sa shaidu, a faɗi da wane kuɗi za a biya. Rubutu ba rashin yarda ba ne, addininmu ma ya yi umarni da shi a sha'anin bashi. Na uku, asusun marayu da matan 'yan'uwanmu da suka rasu a hanya ya yi ƙasa sosai a shekarun nan, kuma ba a tambayar takardar ɗan ƙasa kafin a ba maraya daga cikinsa. Ma'aji zai zagaya.

Ku kuma samarinmu, mun ji ana cewa sana'ar ta mutu, gara a bi ta Agadas a nemi teku. Mun san abin da ke tura ku, ba mu raina shi ba. Amma kafin ɗayanku ya sayar da babur ɗinsa, ya zo ya zauna da ubangidansa ko da ɗaya daga cikinmu, a duba ko akwai ɗan jarin da za a haɗa masa.

Dattawan sulhu za su zauna a ƙaramin ɗaki bayan sallar azahar, magatakarda na bakin ƙofa da littafi. Akwai mutum biyu da muka lura tun safe sun zauna nesa da juna, sun san kansu, da su za a fara. Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a ciniki, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.