Katin lafiya ba buhun taki ba ne

(Jawabin da na gabatar a zaman matasan ɓangarenmu na mazaɓar Kwandiko. An ce in rubuto shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.)

Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, 'yan uwana matasan Kwandiko, da baƙinmu da suka taso daga Sara da Kila da Birnin Kudu, sannunku da zuwa, Allah ya ba da ladan zumunci.

An ce in yi magana kan gardamar da ta ɓarke tsakaninmu tun makon jiya, game da takardar buƙatun da za mu miƙa wa ɗan takara. Wasu sun ce a rubuta "magani kyauta ga kowa", in ba haka ba ɗaya ɓangaren zai riga mu faɗa. Wasu kuma sun ce gwamnatin da ta kasa gyara famfon burtsatse ina za ta iya da ran mutum, a bar wa masu kemis da asibitin kuɗi. To ni ban bi ko ɗaya ba, ku yi haƙuri ku ji dalili.

Damina biyu da suka wuce, naƙuda ta zo wa matar yayana da gardama cikin dare. Mota sai da aka yi ciniki. Da muka isa asibiti, ba zan kira sunansa ba, aka ce aikin kyauta ne. Amma safar hannu da zaren ɗinki da ruwan ƙari da allurai, ga takarda nan, a je a sayo a waje. Kafin azahar yayana ya rabu da awaki biyu, ya kuma ci bashi a kan riɗinsa tun yana gona. Ta rayu, yaron ya rayu, alhamdulillahi. Gidan dai bai farfaɗo ba sai bana. Kuma in ka duba littafin asibitin, wannan baiwar Allah tana cikin waɗanda aka yi wa aiki kyauta.

Masu cewa a bar wa 'yan kasuwa, ai abin da muke ciki ke nan yanzu. A duk naira ɗari da ake kashewa kan lafiya a Najeriya, sama da saba'in daga aljihun majiyyaci take fita, a ranar da ya fi kowa rauni. Mai kemis ba mugu ba ne, amma ba zai zuba wa talaka jini bashi ba. Don haka gwamnati dole ta shigo, wannan ba na jayayya a kai.

Sai dai dokoki ba su ne suka yi mana ƙaranci ba. An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa tun 1999, aka fara aiki da ita a 2005, ta tsaya galibi kan ma'aikatan tarayya. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su riƙa ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. A 2014 Jonathan ya sa hannu kan dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ce a cire aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya matakin farko, amma kuɗin bai shiga kasafi ba sai 2018. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar da ta wajabta inshorar a kan kowa. A nan gida, zamanin Sule Lamido aka yi tsarin Gunduma, zamanin Badaru aka kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta JICHMA. Da gangan na kira kowa da sunansa, don kada wani ya ce na zo yi wa wata jam'iyya talla.

Ku dubi maƙwabtanmu Nijar. A 2006, zamanin Tandja, aka ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar da matan da za a yi wa tiyatar haihuwa ba za su biya ba. Jama'a suka yi murna, asibitoci suka cika. Tsarin shi ne asibiti ya yi aiki, ya aika takardar kuɗi, gwamnati ta biya daga baya. Biyan ya riƙa makara, wata da watanni, har ɗakunan magani suka koma fayau, aka dawo rubuta wa uwa takarda ta je ta sayo. Gana kuwa da ta yi tata dokar a 2003, sai ta ɗora kashi biyu da rabi a kan harajin kayayyaki ta ce wannan na lafiya ne. Su ma suna fama da jinkirin biya, amma an san inda kuɗin ke fitowa, an san wanda za a tambaya. Ko Ingila da ake ta misali da ita tun 1948, haraji ne ke ɗauke da asibitocinsu.

Saboda haka ina roƙon a cire kalmar "kyauta" daga takardarmu, a rubuta wanda zai biya. Mai juna biyu da ƙaramin yaro da tsoho da mai buƙata ta musamman da wanda ba shi da ko na cefane, jiha ta biya musu kuɗin kati cikakke, da layinsa a kasafi wanda ɗan majalisarmu zai iya nuna mana da yatsa. Manomi mai ɗan hali kuma a karɓi nasa sau ɗaya, da kaka, lokacin da riɗi da gero suka shigo. Wanda ya ce manomi ya biya wata-wata kamar ɗan albashi bai taɓa kwana a ƙauye cikin watan Agusta ba. Wani ɗan uwa ya tambaye ni ko abin ba caca ba ne. Ka tambayi malaminka, shi ya fi ni sani. Ni dai abin da na gani ya fi kama da gayya: yau a gonarka, gobe a tawa.

Yanzu ga inda za ku ji haushina. Mazaɓu 287 ne a Jigawa, kuma duk shirin da aka ce na mabuƙata ne, a ƙarshe sunaye ake nema daga kowace mazaɓa. Wa ake miƙa wa fom? Mu ne. Ni ɗin nan da nake tsaye na taɓa rubuta jerin masu karɓar taki, kuma wallahi na san yadda aka yi: wanda ya yi mana wahala a akwati shi ne a sama, bazawarar da ɗanta ke bin wancan ɓangaren ba ta shiga ba. Na yi, ban ji daɗinsa ba har yau. Taki in ya wuce ka, ka yi asarar damina ɗaya. Katin lafiya in ya wuce mace mai ciki saboda mijinta bai ɗaga tutarmu ba, ana iya yin jana'iza, kuma da hannunmu a ciki.

Don haka nake so mu ɗaure kanmu tun kafin mu ɗaure ɗan takara. Sunayen da za su fita daga Kwandiko a karanta su a bainar jama'a, gaban masu unguwanni da limamai, a manna a bangon asibitin mazaɓa, wanda ke da ƙorafi ya yi. Kwamitin mazaɓa da ke sa ido kan asibitin shi ma ya riƙa manna abin da ya shigo asusu da abin da aka saya, duk wata uku. Na san za a ce mun yi wa kanmu, yaranmu za su ce mene ne amfanin wahalar da suka sha. Wasu ma za su koma can. Na yarda za mu yi wannan asarar, kuma in an zo yi musu bayani ni zan fara shiga gidajen.

Sakatare zai karanto sakin layin kamar yadda na gyara shi. Wanda ya amince ya ɗaga hannu, wanda bai amince ba ya tashi ya faɗi dalilinsa, za mu saurare shi har ya gama. Iyayenmu mata, ku za mu fara ji, don ku kuke kwana a asibitin.