Inshorar Rai: Zubi Domin Waɗanda Za a Bari



Duk inda aka ambaci inshorar rai, sai an samu mai cewa, "Rai ai na Allah ne, wa zai lamunce shi?" Gaskiya ya faɗa. Babu kamfanin da ke ƙara wa mutum yini guda a kan ajalinsa. Abin da ake lamuncewa shi ne tukunyar gida da kuɗin makarantar yara, bayan 'yan zaman makoki sun watse.

Dukkanmu mun san adashi. To a nan ma zubi ake yi, sai dai ɗauka ba ta bin layi, tana zuwa ne gidan da aka yi rashi. Ba a san wanda zai riga wani ba, amma idan mutane suna da yawa, ana iya ƙiyasta adadin da za a rasa a shekara. Wannan lissafi ya daɗe. A 1693 Edmond Halley na Ingila ya tsara jadawalinsa daga rajistar haihuwa da mutuwa ta birnin Breslau. Lissafin na duba shekarun mutum, shi ya sa zubin saurayi mai lafiya bai kai na dattijo ba.

Manyan nau'o'in inshorar rai biyu ne. Akwai mai wa'adi, a ce shekara goma ko ashirin, wadda ake biya kawai idan rasuwa ta faɗo cikin wa'adin. Ita ce mai araha. Akwai kuma ta tsawon rai, wadda dole wata rana a biya magada, don haka ta fi tsada.

Malamanmu da dama sun ƙi inshorar da aka saba saboda riba da garari. Daga nan aka samar da takaful, wanda kamfaninsa na farko ya buɗe a Sudan a 1979. A takaful, wani kaso na zubinka kyauta ce ga asusun taimakon juna, kamfani wakili ne mai karɓar ladan aiki, kuma ba a juya kuɗin a harkar ruwa. A Najeriya, hukumar NAICOM mai kula da inshora ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013.

Ma'aikata, ku saurara da kyau. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa wuraren aikin da ta shafa su yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Gobe ku tambayi ofishinku ko an yi muku, da kuma sunan da aka rubuta a matsayin mai karɓa. Wajen cike takarda ku faɗi gaskiya game da shekarunku da lafiyarku, domin ɓoye ciwo na iya rushe yarjejeniyar. Sannan ku nuna wa iyali inda takardar take, tunda su za su je da ita, ba ku ba.