Akwatin kamfani da rawutarka: ba a sarki biyu a gari ɗaya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba za ta ɗauki sauraro ba.

Yau ba siyasa za mu yi ba. Maganar waifai za mu yi, kuma da abin kunyar da ya same ni zan fara.

Kun san ɗakin karatun da muke haɗuwa da matasa a Kakuri. Unguwa ce da iyayenmu suka ci abinci da masaƙa, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957. Yau injinan sun yi shiru, aikin da yaro zai nema kuma yana cikin waya: fom ɗin makaranta, neman aiki, kwas na intanet. Yara suna zuwa mana daga Makera, Nasarawa, Television, har Sabon Tasha. Da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, sai muka ce kowa ya sayi tasa ba za ta kai mu ba. Muka yi karo-karo, muka sayi modem mai layi a ciki, irin akwatin nan da kamfani ke sayarwa.

Matsalar ita ce sabis ya fi ƙarfi a bakin taga ta gaba, mu kuma a ɗakin baya muke zama. Sai na tsallaka gada na je Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, na sayo rawuta da doguwar kebul. Na dawo, na soka kebul a ramin farko da na gani, fitilu suka kama, na ce shi ke nan.

Ashe ban gama ba. Wayar wani tana buɗe komai, ta na kusa da shi ta nuna ta haɗu da waifai amma babu intanet. Wata ƙanwarmu tana son cike neman bashin karatu na NELFUND, ta zo kwana uku a jere daga Ungwan Romi, kuɗin Keke zuwa da dawowa, ko shafin farko bai buɗe mata ba. Ni kuma, kun san hali, har na rubuta dogon saƙo zan ɗora a Facebook in wanke kamfanin tas. Allah Ya taimake ni, wani yaronmu da ya karanta kwamfuta a Kaduna Polytechnic ya ce, “Yaya, dakata tukuna, bari in duba.” Minti goma bai cika ba ya ɗago ya ce, “Ai kai ka naɗa sarki biyu.”

To ga abin da yake nufi. Duk wayar da ta shiga waifai sai an ba ta adireshi, lambobi irin su 192.168.8.100, sannan a nuna mata ƙofar fita zuwa intanet. Mai wannan rabon shi ake kira DHCP. Modem ɗin kamfani yana da nasa, rawutar da ka sayo ma tana da nata. Ni na haɗa su ta ramin LAN zuwa ramin LAN, na bar su duka biyu suna rabo. Wayar da modem ya riga amsa mata ta samu hanya. Wadda rawuta ta riga amsa mata, an nuna mata ƙofar da ba ta fita ko'ina. Wayar ƙanwarmu ke nan.

Kafin komai, juya modem ɗinka ka duba bayansa. Idan ƙaramin MiFi ne na aljihu wanda ba shi da ramin kebul, wannan bayanin ba nasa ba ne. Idan akwai rami mai suna LAN, mu ci gaba. A ƙasan kowace na'ura akwai takarda da ke ɗauke da adireshin shiga saitinta da kalmar sirri. Yawanci za ka ga 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma sau da yawa 192.168.8.1. Wannan lambar za ka rubuta a burawza.

Hanyoyi uku ne.

Hanya ta farko, modem ya ci gaba da sarauta, rawuta ta zama mai miƙa sigina kawai. Yawancin rawutocin yanzu suna da zaɓi a saiti da aka rubuta Access Point. Ka zaɓe shi, ta sake tashi, an gama. Idan taka ba ta da shi, cire kebul ɗin modem tukuna, ka shiga rawutar ita kaɗai. Ba ta adireshi ɗan gida ɗaya da na modem: idan modem 192.168.8.1 ne, ita ta zama 192.168.8.2, in dai ba ya cikin jerin da modem ke rabawa. Kashe DHCP ɗinta. Sannan ka haɗa LAN da LAN. Wannan ya dace da gidan da matsalarsa kawai sigina ba ya kaiwa ɗakin baya.

Hanya ta biyu, rawuta ta riƙe gidan. Kebul ya fito daga LAN na modem ya shiga ramin WAN na rawuta, wanda galibi launinsa daban ne. Ka bar DHCP ɗinta a kunne. Sharaɗi ɗaya ne: kada lamba ta uku ta zo ɗaya. Idan modem yana kan 192.168.1.1, rawutar ma haka, za su yi karo, sai ka mayar da ita 192.168.2.1. Daga nan ka kashe waifai ɗin modem, kowa ya bi ta rawuta. Illarta ita ce saƙo yana bi ta ƙofa biyu kafin ya fita. Ga WhatsApp, YouTube da cike fom ba za ka ji komai ba. Mai gem na intanet ko mai son kallon kyamarar shagonsa daga nesa shi zai iya shan wahala.

Hanya ta uku, a mayar da modem gada kawai, abin da za ka ga an rubuta Bridge a saiti. Ita ce mafi tsafta, amma ba kowane modem ne ke da ita ba, kuma masu intanet na faiba kan buƙaci suna da kalmar sirri ta musamman daga kamfani. Kira su ka tambaya kafin ka taɓa.

Mu ta biyu muka ɗauka, kuma ga dalili. Datar ta jama'a ce. A rawuta muna iya buɗe waifai na baƙi daban, muna iya sa wa kowace waya iyakar gudu, kada mutum ɗaya ya zauna yana sauke fim alhali wata tana ɗora takardunta. A hanya ta farko, rawutoci da yawa suna rufe irin waɗannan zaɓuɓɓukan.

Yanzu tsaro, kuma don Allah kada ku tsallake wannan. Kalmar sirri biyu ce: ta shiga waifai, da ta shiga saiti. Mutane suna canza ta farko su bar ta biyu a admin, admin. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da rawutoci ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomin na kamfani. A Oktoban shekarar aka yi amfani da su aka kai hari, Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa a Amurka. Canza duka biyun. Zaɓi WPA2 ko WPA3. Kashe WPS, tun 2011 aka gano ana iya fasa lambarsa.

Sai ƙananan abubuwa. Idan rawutarka tana da 2.4 GHz da 5 GHz, na farkon ya fi ratsa bango, na biyun ya fi gudu amma sai kana kusa. A gidan haya mai waifai da yawa, gwada tasha ta 1, ta 6 ko ta 11 a kan 2.4. Kebul kada ya wuce mita 100. Ɗora rawuta a sama, a fili, ba bayan talabijin ba. Idan ana yawan ɗauke wuta, akwai ƙaramin batir na rawuta, amma karanta abin da aka rubuta a jikin cajarta, 9V ne ko 12V, kada ka ƙona ta. In ka rikice gaba ɗaya, akwai ɗan rami na Reset, ka danna da tsinke kamar daƙiƙa goma ta koma yadda ta fito. Na rawutarka nake nufi. Kada ka yi wa modem ɗin kamfani haka sai ka tambaye su, saitinsu zai iya gogewa.

Ƙanwarmu ta cike fom ɗinta a yammacin ranar. Na biya ta kuɗin Keken kwana uku daga aljihuna, don laifina ne. Saƙon nan kuma na goge shi. Ba wai kamfanoni ba sa laifi ba ne, suna yi, kuma ranar da za mu kai ƙorafi za mu kai. Amma yanzu kafin in buɗe baki, nakan haɗa wayata da modem kai tsaye in gani. Idan ya yi aiki a can, to matsalar tana cikin ɗakinmu.

Wanda ya gwada ya maƙale, ya faɗa mana sunan modem da na rawutarsa, amma kada ya turo kalmar sirri. Ku tura wa mai shago ko mai makarantar unguwarku da ke fama da irin wannan. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.