Gyaran Takardar Sallamar Tsohon Soja

Jama'ar Runka, da na ƙasar Safana da Batsari, ga bayani a kan takardar sallama, watau wadda a kan ba soja ranar da ya tuɓe kaki.

Sa'ad da aka ɗebi samarin Arewa zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, akawun bariki ya kan rubuta mutum da sunan gari, ya zama wane Katsina ko wane Kano, ko da ba can aka yanke cibiyarsa ba. Saboda haka suna kaɗai ba ya isa shaida, lambar soja ita ce abin riƙo.

Wanda ya yi yaƙin Bama cikin runduna ta 81 ko ta 82, tsakanin 1943 da 1945, ya cancanci Tauraron Bama. Wanda ya yi na Habasha a 1941, nasa Tauraron Afirka ne. In takarda ba ta nuna haka ba, kada mai ita ko magajinsa ya kankare, ko ya ƙara da hannunsa, gama takardar da aka taɓa ta ɓaci ke nan. Sai a tafi ofishin Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya a Katsina da wasiƙar hakimi, a rubuta wa hukumar soja ta duba kundinta. A aika da kwafi, ta asali kuwa lalle ta komo gida.