Ranar Wasanni a Makarantar Renon Yara: Wasannin Iyaye da 'Ya'yansu

Jawabi ga iyaye da malaman ƙananan yara

Wannan jawabi ya shafi ranar wasanni da makarantun renon yara kan shirya sau ɗaya a shekara, musamman wasannin da uwa ko uba za su shiga tare da ɗansu mai shekara 2 zuwa 4. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan rana tamkar ɓata lokaci, wasu makarantu kuma sukan kwaikwayi gasar manyan ɗalibai, har yara su koma gida da kuka ko da rauni. Dukan biyun kuskure ne, kuma ana iya gyara su.

DALILIN WASA

Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda Gwamnatin Tarayya ta fitar a 1977, aka kuma yi mata gyara a 1981, ta bayyana cewa wasa shi ne babbar hanyar koyarwa a makarantun da ke gabanin firamare. Ta ce ta hanyar wasa ne za a fara nuna wa yaro ƙidaya, haruffa, launuka da siffofi, a koya masa haɗin kai da tsabta, kuma a yi haka da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a unguwar. Yarjejeniyar 'Yancin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta sa wasa da hutu cikin haƙƙoƙin kowane yaro.

Ta fuskar lafiya kuwa, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro mai shekara 1 zuwa 4 ya sami aƙalla minti 180 na motsa jiki kowace rana, watau awa 3 a rarrabe cikin yini, kuma kada a ɗaure shi a goye ko a kujera fiye da awa 1 a jere. Ranar wasanni ɗaya ba za ta biya wannan bukata ba. Amfaninta shi ne iyaye su ga wasannin da idonsu, su gwada su, sa'an nan su ci gaba da yin su a tsakar gida.

A SAN IYAKAR YARO

Yawancin yara masu shekara 2 suna iya gudu da harbin ƙwallo, amma sukan faɗi in an ce su tsaya nan take. Wajen shekara 2 da rabi yaro kan yi tsalle da ƙafa biyu. Mai shekara 4 kan cafe babbar ƙwallo, ya kuma ɗan yi tsalle da ƙafa ɗaya. Saboda haka langa da makamantanta sai yaran firamare. Har wa yau, yaro ƙarami bai fahimci ma'anar na ɗaya da na biyu ba, kuma hankalinsa ba ya daɗewa a kan abu guda. Ya kamata kowane wasa ya tsaya a minti 5 ko ƙasa da haka, a raba yara rukuni-rukuni bisa shekaru, kada rukuni ya wuce yara 6.

WASANNI BAKWAI

Na farko, gudu zuwa wurin uwa. Malama ta tsayar da yara a kan layi, iyaye su durƙusa a nisan mita 5 da hannuwa a buɗe, kowa ya kira ɗansa da sunansa. Wannan ya dace da mafi ƙanƙanta, domin yana kawar musu da tsoron taro.

Na biyu, mirgina ƙwallo. Uba da ɗa su zauna a tabarma suna fuskantar juna, ƙafafu a ware, su riƙa tura wa juna babbar ƙwallo. In yaro ya iya, sai uban ya ja da baya kaɗan. Wasan yana koya wa ido da hannu aiki tare, yana kuma koyar da jiran layi.

Na uku, kai kaya kasuwa. A ɗora lemo 3 a faifai, uwa ta riƙe gefe ɗaya, yaro ya riƙe ɗayan, su tafi a hankali zuwa kwando. Yaro ya zuba lemon ɗaya bayan ɗaya, uwar tana ƙidayawa da ƙarfi, shi kuma yana maimaitawa.

Na huɗu, rarraba launi. A baza ƙyallaye ja da kore da shuɗi a ƙasa, a ajiye kwando 3, kowanne da alamar launinsa. Babba ya faɗi launi, yaro ya ɗauko ya kai inda ya dace. In ya yi kuskure, a nuna masa, kada a tsawata.

Na biyar, tsallake rafi. A shimfiɗa igiya biyu a ƙasa da tazarar da ba ta fi tsawon tafin ƙafar babba ba. Uba ya fara tsallakewa, yaro ya bi shi. Wanda bai iya tsalle ba tukuna ya ƙetare da taku.

Na shida, dokin kara. Wannan tsohon wasa ne da kakanni suka sani. A feƙe ganyen karan, a naɗe bakinsa da tsumma don kada ya yanki yaro. Yaro ya hau dokinsa, uba yana tafiya a gefensa, su zagaya kujera su komo.

Na bakwai, zani da ƙwallo, shi ne na rufewa. Iyaye da yara duka su kama bakin babban zani ko bargo, a sa ƙwallo mara nauyi a tsakiya, a riƙa ɗagawa da saukewa tare. Babu mai ci, babu wanda aka ci, kuma yara suna ganin cewa in ɗaya ya saki, ƙwallon faɗuwa za ta yi.

RIGAKAFIN HAƊARI

Akwai wasannin da ba su dace da wannan mataki ba, kamar tseren buhu, jan igiya, ɗaure ƙafar yaro da ta babba, da tsere da yaro a wuya. Babba in ya ga abokin gasa ya wuce shi yakan manta da gajeriyar ƙafar da ke gefensa. Haka nan kada a ɗaga yaro ko a lilo da shi ta hannu ɗaya, domin gwiwar hannun yaron da bai kai shekara 5 ba takan goce da sauƙi. A ɗauke shi ta ƙarƙashin hamata.

Hausawa sun ce yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. A fara da ƙarfe 8 na safe, a gama kafin ƙarfe 10, a tanadi rumfa ko inuwar itace da ruwan sha mai tsabta, a ba yara bayan kowane wasa biyu. Iyayen yaro mai sikila ko asma su sanar da malama tun da wuri. Irin wannan yaro zai yi wasa kamar kowa, amma yana bukatar ƙarin ruwa da hutu, domin ƙishirwa da gajiya mai tsanani suna iya tayar da ciwon sikila.

Kwana ɗaya kafin taron a share filin, a tsince kwalba, ƙusa da ƙaya, a cike ramuka. A rufe rijiya, a kawar da bokiti ko randa mai ruwa, domin ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwa ɗan kaɗan. Kada a raba gyaɗa, alewa mai tauri ko balan-balan, domin suna iya shaƙe yaro. A ajiye akwatin taimakon gaggawa a hannun wanda ya san amfani da shi, a kuma san asibiti mafi kusa. Ƙofar makaranta ta kasance da mai tsaro, kada a saki yaro sai ga wanda ya kawo shi.

KADA YARO YA TSAYA SHI KAƊAI

Abin da ya fi ciwo a irin wannan rana shi ne yaro ya ga kowa da nasa, shi kuwa babu. Wasu iyaye aiki ko kasuwa kan hana su zuwa, wasu yaran marayu ne, a wasu gidaje kuma alkunya kan hana uwa ko uba wasa da ɗan fari a gaban jama'a. Makaranta ta aika da sanarwa mako 2 kafin ranar, ta bayyana cewa kaka, goggo, kawu, ko babbar ya duk suna iya tsayawa a madadin iyaye. Wasan kaka da jika kuwa sananne ne tun asali. Inda mata ba su saba shiga taron maza ba, a keɓe wa iyaye mata lokaci ko fili nasu. Malamai su rubuta sunayen yaran da ba a sami mai zuwa dominsu ba, a ba kowannensu babba guda tun kafin a fara. Yaro mai naƙasa ma a gyara wasan daidai da ikonsa, ya shiga tare da 'yan'uwansa.

Yaron da ya ƙi shiga, ya maƙale wa uwarsa, kada a tilasta masa, kada kuma a yi masa dariya. A bar shi ya yi kallo, sau da yawa yakan shigo da kansa a wasa na biyu ko na uku. Game da kyauta, a ba kowane yaro abu iri ɗaya, ko ayaba ce ko lemo, a kira sunansa a tafa masa.

Dukan kayan da aka ambata, watau faifai, kwando, igiya, kara, ƙyalle da zani, akwai su a gida, don haka makarantar ƙauye da ta birni duk suna iya shirya wannan rana ba tare da an ɗora wa iyaye kuɗi ba. Ana roƙon shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su zauna tare su tsara ta, iyaye kuma su keɓe ɗan lokaci kowace yamma su maimaita wasa ɗaya ko biyu da 'ya'yansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.